Tambayoyi da Amsoshi Kan Wasiƙar Neman Gudummawa da Ake Ba Ɗalibai

Duk shekarar da iskar farkon damina ta yaye rufin wani aji, sai shugabannin makarantun Islamiyya su dawo mini da tambayoyin da na riga na amsa bara, saboda haka na tattara su a nan domin kowa ya karanta kafin ya kira ni.

Shin ya dace a ba ɗalibi wasiƙar ya kai?

Ya dace, muddin gidan iyayensa ko na danginsa zai kai ta.

Me zai hana su zaga kasuwa da tasha, tunda can kuɗi yake?

Wannan bara ce, ko da an buga wa takardar hatimi goma. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana amfani da yaro wajen bara, gwamnatin Kano kuma ta haramta barace-barace a tituna a 2020. Abin kunya ne malamin da yake karantar da cewa hannun da ke bayarwa ya fi mai karɓa alheri ya jera yara cikin kayan makaranta a bakin Kantin Kwari suna tare 'yan kasuwa.

Me za a rubuta a ciki?

A rubuta sunan makaranta da unguwarta, da aikin da za a yi, da abin da zai ci, da ranar rufe karɓa, sannan shugaban makaranta da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai su sa hannu. Ku daina rubuta "domin ci gaban makaranta"; ku faɗi bandir nawa na kwano da buhu nawa na siminti kuke bukata. Shafi ɗaya ya isa.

Asusun wa za a sa?

Na makaranta za a sa, ba na shugabanta ba, kuma masu sa hannu kada su gaza biyu. Idan banki ya nemi takardar rajista ta hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ku je ku yi.

Idan aka damƙa wa yaro tsabar kuɗi, ya kawo abin da bai kai wanda aka ce an ba shi ba fa?

A nan sai an yi hattara, domin babu amsa guda. Mai yiwuwa yaron ya taɓa kuɗin, mai yiwuwa wani babba a gida ya ranta da niyyar mayarwa, kuma yana yiwuwa mai bayarwar ne ya manta abin da ya sa a ambulan, wanda ba ƙaramin nauyi ba ne a faɗa wa dattijo. A ganina, a fara kiran mahaifi ko waliyyi a keɓe, ba tare da an ambaci sata ba, a ji ta bakinsa. Idan giɓin kaɗan ne, sau da yawa ya fi alheri kwamiti ya rubuta abin da ya iso hannunsa, ya ba da rasit a kansa, ya yi shiru. Idan kuwa babba ne, ko ya maimaitu daga gida ɗaya, to, dole a sanar da mai bayarwa, ko da hakan zai ɗan ɓata zumunci. Ban yarda da bulala a gaban aji ba, domin ku ne kuka ɗora wa ɗan shekara tara amanar da manya ma ke kasa riƙewa. Ku kwantar da hankalinku, yawancin yara suna kawowa cif. Amma tun farko a rubuta a ƙasan wasiƙar cewa a tura kuɗin ta banki, ko babba ya kawo da kansa.

Makarantar gwamnati ma za ta iya?

Sai da izinin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, kuma ta hannun kwamitin al'umma mai kula da makarantar. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatu kyauta ne daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, saboda haka kada a yanka wa kowa adadi.

Yaron da ya dawo hannu rabbana fa?

A ƙyale shi. Kada a kira sunansa a layin safe, kada a riƙe masa sakamakon jarrabawa, kada kuma a ba wanda ya fi kawowa kyauta a gabansa.