Wasa da Alƙalami: Rayuwar Ɗaliban Kwaleji a Amurka Kafin 1900

Wane irin zama ɗaliban suke yi a lokacin?

Da farko zaman takura ne. Ƙararrawa ce ke tashin ɗalibi da sassafe zuwa ibada a cocin makaranta, kuma zuwan dole ne. Daga nan sai aji, inda yawancin karatun haddar Latin da Girkanci da lissafi ne. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Harvard daga 1869 zuwa 1909, ya sassauta lamarin. Ya bar ɗalibi ya zaɓi darussan da yake so, a 1886 kuma aka daina tilasta zuwa ibadar safe. Sararin da samarin nan suka samu, sai suka zuba shi cikin wasa da rubutu.

Wa ya kawo wasannin?

Ɗaliban ne da kansu, kuma abin da ya fi burge ni ke nan a tarihin. Su ke yin karo-karo, su zaɓi kyaftin, su aika wa wata makaranta takardar neman karawa. Gasar farko tsakanin kwalejoji biyu tseren kwale-kwale ce, Harvard da Yale, a 1852. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 Rutgers ta ci Princeton 6 da 4 a ƙwallo, kowane gefe mutum 25, ana bugawa da ƙafa ba a ɗauka a ruga. Walter Camp na Yale ne ya sauya fasalin wasan daga 1880, aka koma mutum 11, har ya zama zari-ruga irin ta Amurka.

Gaskiya ne wasan yana da haɗari?

Ƙwarai. Babu hular kwano, wasu ma suma suke tarawa don ta ɗan kare musu kai. A 1892 Harvard ta zo da wata dabara: 'yan wasa su jeru kamar tsinin mashi, mai ƙwallo a tsakiya, su taho a guje su afka wa mutum ɗaya. A karawar Harvard da Yale ta 1894 an ji wa 'yan wasa munanan raunuka, har makarantun biyu suka daina haɗuwa sai 1897. Eliot ya sha sukar wasan a rahotanninsa, kuma ina ganin yana da gaskiya, domin 'ya'yan mutane ne ake karyawa don 'yan kallo su yi shewa.

Mata fa?

James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a Springfield a 1891. Senda Berenson ta kai shi kwalejin mata ta Smith, inda 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu suka kara a 1893. An hana maza shiga kallo.

Ina rubutu ya shigo?

Ta ƙofa biyu. Ta farko daga malamai. A 1874 Harvard ta sa rubuta insha'i cikin jarrabawar shiga, fiye da rabin masu nema suka faɗi. Abin ya ba da kunya, don 'ya'yan manyan makarantu ne. Daga 1885 darasin rubutu ya zama wajibi ga duk ɗan shekarar farko. Malami Barrett Wendell kuma ya shahara da sa ɗalibansa rubuta shafi guda kowace rana a kan abin da idonsu ya gani: mai sayar da jarida a bakin titi, ko yadda ƙanƙara ta rufe harabar makaranta. Malami ya bi da jan alƙalami, gobe a sake kawo wani.

Ƙofa ta biyu ta ɗalibai ce. Jaridar da ta zama Harvard Crimson ta fara a 1873, ta Princeton a 1876, Yale Daily News a 1878. Yaran ne ke neman talla, su biya maɗaba'a, su kwana suna gyaran kura-kurai. Labarin wasa na cikin abin da ke sayar da jaridun, su kuma suna tara wa fili jama'a. Woodrow Wilson, wanda ya zama shugaban ƙasa daga baya, ya yi aikin edita a jaridar Princeton.

Baƙar fata sun samu shiga?

Kaɗan, kuma da ƙyar. William Henry Lewis na Harvard ya shiga jerin gwanayen zari-ruga na ƙasa a 1892 da 1893, baƙar fata na farko da ya samu haka. W.E.B. Du Bois kuwa, marubuci kuma mai fafutukar 'yancin baƙar fata, a Jami'ar Fisk da ke Nashville ya goge alƙalaminsa, yana editan Fisk Herald, kafin ya gama a 1888 ya wuce Harvard.