Tantancewa: abin da ya sa koci ba ya karɓar duk wanda ya zo

A filin ƙwallo muka fara sanin kalmar koci. Yanzu ta bar fili ta shiga WhatsApp da Facebook, ana tallan kocin sana'a, kocin neman aiki, har da kocin rayuwa. Wata kalma ta biyo ta, tantancewa, kuma ita ce ke ɓata wa mutane rai a Damagaram. Ka zo da kuɗinka a hannu, a ce sai an zanta tukuna a ga ko za a iya aiki da kai. A kasuwar Dole wa ya taɓa korar mai saye?

Tantancewa ƴar hira ce da ake yi kafin a ƙulla yarjejeniya, galibi minti 20 zuwa 30, ta waya ko ido da ido, kuma yawanci ba a biyan ko dala. Masu faransanci na ce mata "appel découverte", wato kiran sanin juna. Wasu kan fara turo tambayoyi a rubuce: me kake son cimma, me ka riga ka gwada, me ya sa sai yanzu.

Dalilinta shi ne koci ba haja yake sayarwa ba. Tela zai ɗinka maka riga kana barci a gida, amma koci tambaya yake yi, ya taya ka tsara mataki, kai ne za ka je ka taka. Ƙungiyar kocin duniya ta ICF, wadda aka kafa a Amurka a 1995, ta ɗauki aikin a matsayin haɗin gwiwa tsakanin mutum biyu, kuma ƙa'idodinta sun nemi koci ya bayyana iyakar aikinsa tun farko, ya tura mutum wurin wani gwani idan can ya fi dacewa da shi. Idan ɗaya ya zo da niyya ɗayan ya zo kallo, asarar kuɗi ce da lokaci.

A nan garin, wanda aka fi cin karo da shi shi ne mai neman jari. Shekara da shekaru furoje-furoje sun saba mana da horon da ake sallamar mahalarta da ɗan kuɗin mota, don haka da mutum ya ji koci sai ya zaci wata ƙofa ce ta tallafi. In ba a warware wannan a zaman farko ba, a zama na uku zai tambayi yaushe kuɗin za su fito.

Wanda ya fi wuya shi ne wanda aka turo. Alhaji ya taso daga Birni da ɗansa da ya gama Jami'ar André Salifou, shekara biyu yana fada yana shan shayi. "Malam, ga yaronka nan, ka gyara mini shi, ko nawa ne zan biya." Kocin da ya san aikinsa zai ce, "Alhaji, a bar mu mu biyu tukuna." Sai ya tambayi yaron abin da shi yake so. Wataƙila ya ce ƙira ko noman rani, ba ofis ɗin da mahaifinsa ke mafarki ba. Wataƙila kuma ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da Baba ya ce. Na farkon ana iya aiki da shi, bayan an fahimtar da Alhaji cewa mai biya daban, mai buri daban. Na biyun ba a shirye yake ba. Ana iya kai doki bakin rafi ne kawai.

Akwai kuma wanda ba ya barci, ya daina cin abinci, ko yake fama da shan ƙwaya. Wannan likita yake bukata, kuma kocin da ya karɓi kuɗinsa ya cuce shi. Mai son a ce masa sayi kaza, sayar a kaza, ubangida yake nema a kasuwa.

Kunya ce ke lalata tantancewa a wurinmu. Ɗan ƙanwar maƙwabci ne, ta yaya za ka ce a'a? Ga jika hamsin a gabanka, ga kuɗin haya ya zo. A ganina ƙin ba ya bukatar kaushin baki: "Yaya, abin da kike nema ba fannina ba ne, amma ga wadda ta fi ni saninsa."

Shi ma mai zuwa wurin koci tantance kocin yake yi, ko ya kamata ya yi. Ko a Faransa da Amurka kowa na iya kiran kansa koci ba tare da lasisi ba. Don haka ka tambaye shi inda ya yi horo, zama nawa za a yi, nawa ne kuɗin, me zai faru in ka so tsayawa a tsakiya, kuma wa zai ji sirrinka. In ya cinye minti talatin ɗin yana ba ka labarin kansa, ko ya matsa sai ka tura kuɗi yau kafin rangwame ya ƙare, ka ce masa za ka yi shawara da gida.