Waiwaye: Su wane ne Mormon, kuma ina suka raba hanya da sauran Kiristoci?

Wanda ya taɓa zama a Legas ko Aba ko Accra zai yi wuya a ce bai ga samarin nan ba, biyu-biyu suke yawo, farar riga da nakataye da ɗan baƙin bajo a ƙirji. 'Yan mishan ɗin Mormon kenan, duk da dai tun 2018 shugabansu na lokacin Russell Nelson ya ce a daina kiransu da wannan suna, wai a faɗi cikakken sunan, Ikkilisiyar Yesu Kristi ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. To mutane dai ba su daina ba, sunan ya yi tsawo.

Abin ya samo asali ne daga wani yaro ɗan gidan manoma talakawa, Joseph Smith, an haife shi 1805 a jihar Vermont ta Amurka, daga baya iyayensa suka koma kusa da Palmyra a jihar New York. Lokacin nan yankin ya cika da masu wa'azi, kowace coci na jan mutane zuwa nata ɓangaren, 'yan Metodis na yi, 'yan Baftis na yi, har cikin gidansu ma kan ya rabu. Shi ya ce a 1820 yana ɗan shekara 14 ya shiga daji ya yi addu'a yana tambaya wacce ce ta gaskiya, sai Allah Uba da Yesu suka bayyana gare shi su biyu a tsaye, aka ce masa kar ya shiga ko ɗaya, duk sun kauce. Ku riƙe wannan maganar fa, don duk rigimar da ta biyo baya daga nan ta tsiro. Mutane kan ce sauran coci-coci ne suka ƙi Mormon, alhali shi addinin a kan cewa sauran sun ɓata tun bayan mutuwar manzanni aka gina shi, kuma ta hannun Smith ne aka maido da na asali.

Sai 1823 ya ce mala'ika mai suna Moroni ya zo masa ya nuna masa wasu allunan zinariya a binne a kan tudu, ya karɓe su 1827, ya fassara, mala'ikan ya tafi da abinsa. Mutum 11 sun sa hannu cewa sun ga allunan, amma ba wanda zai iya dubawa yau. Littafin Mormon, wato fassarar nan, ya fito a Maris 1830, kwafi 5,000, wani manomi Martin Harris ne ya jinginar da gonarsa aka biya kuɗin bugawa, ranar 6 ga Afrilu kuma aka kafa cocin. Labarin da ke ciki na wasu Isra'ilawa ne da suka bar Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Yesu suka tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka, har Yesu ya ziyarce su bayan ya tashi daga matattu. Masu binciken kayan tarihi da ba 'yan cocin ba ba su yarda akwai hujjar wannan ba.

Wahala kam sun sha ta. Daga Ohio zuwa Missouri, inda a 1838 gwamna Boggs ya ba da umarnin a kore su ko a ƙarar da su, sai Nauvoo a Illinois. A can Smith ya zama magajin gari, ya sa aka farfasa injin wata jarida da ta tona zancen auren mata da yawa, aka tsare shi a kurkukun Carthage, ranar 27 ga Yuni 1844 gungun mutane suka afka suka harbe shi da yayansa Hyrum. Brigham Young, wanda ya karɓi jagoranci bayansa, ya kwashi mafi yawan mabiya suka ratsa ƙasa har kwarin Salt Lake a 1847, jihar Utah ta yanzu. Auren mata da yawa da aka fi saninsu da shi sun sanar da dainawa a 1890 bayan gwamnati ta matsa musu lamba, 'yan ɓallewa ne kawai ke yi yanzu.

Ni a ganina ba aure ne ya raba su da Kiristancin Littafi Mai Tsarki ba, kuma ba ƙarin littafi kaɗai ba ne. Kalmomin duk iri ɗaya ne, Allah, Yesu, ceto, alheri, baftisma, amma in ka tona sai ka tarar ma'anar ta sha bamban, shi ya sa mutum zai yi awa guda yana hira da ɗan mishan ɗinsu yana ta gyaɗa kai bai ankara ba. Katolika da Otodoks da Furotesta duk da saɓaninsu sun haɗu a kan Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba shi da farko. Su Mormon sun ce ukun daban-daban ne, manufa ce ta haɗa su, kuma Uban yana da jiki na nama da ƙashi. A wata huɗuba da Smith ya yi a Afrilu 1844 ya koyar da cewa Allah ma ya taɓa zama mutum kamar mu, kuma mutum na iya hawa har ya kai wannan matsayi. Nan ne fastoci ke buɗe Ishaya 43:10, inda Allah ya ce ba wani allah kafinsa ba kuma za a yi wani bayansa ba, da Yahaya 4:24 da ya ce Allah ruhu ne. Sukan kawo Galatiyawa 1:8 ma, inda Bulus ya gargaɗi mutane ko da mala'ika ne daga sama ya zo da wata bishara dabam. Su kuma sai su amsa da cewa ai tasu ba dabam ba ce, ta asalin ce aka dawo da ita.

Sun yarda da Baibul amma da sharaɗin in an fassara shi daidai, sannan suna da wasu littattafai uku da shugaba mai rai da suke kira annabi. Suna yi wa matattu baftisma, mai rai ya shiga ruwa a madadin kakansa, ayar da suka fi kafa hujja da ita a Baibul ita ce 1 Korintiyawa 15:29, kuma dalilin kenan da suka fi kowa tara bayanan asalin zuriya. Lahira a wurinsu mataki uku ne na ɗaukaka, na ƙololuwa sai da ayyukan haikali, wato ibadun da ake yi a keɓaɓɓen gininsu mai tsarki, da auren har abada. A 2001 Fadar Paparoma ta yanke cewa baftismarsu ba ta ƙirguwa.

Akwai tabon da ya shafe mu kai tsaye. Tun zamanin Brigham Young aka hana baƙar fata matsayin firist da ayyukan haikali, ba a ɗage ba sai Yuni 1978. Abin mamaki kafin nan wasu a kudancin Najeriya da Ghana sun samu takardun cocin sun kafa ƙungiyoyinsu suna ta aika wasiƙa Utah a zo a yi musu baftisma, shekara da shekaru ba a yi musu ba. A ƙarshen 1978 'yan mishan suka iso. Gwamnatin Rawlings ta dakatar da su a Ghana a 1989 ta sake su 1990, amma ga shi an buɗe haikali a Accra 2004, na Aba 2005, kuma cikin mabiya sama da miliyan 17 da cocin ke ƙirgawa, Afirka ta Yamma na cikin inda suka fi saurin ƙaruwa.