Abin bara na kwari da baka: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Masu koyon harbin kwari da baka sun dame ni da tambayoyi iri ɗaya a kan abin bara, wato abin da ake kafawa ana harba masa kibiya. Ga amsoshin a wuri guda. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a sake tambaya.

Dole ne sai na sayi na kanti?

A'a. Buhun taki ko na shinkafa mai kilo 50, tarin ledoji, basilla da igiya. Shi ke nan.

Me zan cusa a cikin buhun?

Duk abin da yake da laushi kuma yake dannuwa: ledar fiya wata, baƙar leda, tsofaffin buhuna, ƙyallayen da tela yake sharewa ya zubar, tsohon gidan sauro. A ganina gidan sauro da leda sun fi tsumma, domin ba sa shan ruwa, ba sa ruɓewa. Ledar fiya wata a farke ta a shanya tukuna, in ba haka ba kwana kaɗan buhun zai fara wari. Idan tsofaffin tufafi za ka sa, cire zif da maɓalli da duk wani ƙarfe, don su ne suke lanƙwasa tsinin kibiya.

Aikin duka yana wajen dannawa. Zuba kaɗan, ka sa taɓarya ka kirɓa, ka bi kusurwoyin nan biyu na ƙasa da hannu, ka ƙara, ka hau da ƙafa. Lokacin da ka ga kamar ya cika, to rabi ka yi. Sai ka dunƙule hannu ka danna tsakiyarsa ka ji bai lotsa ba, sannan ka naɗe bakin ka ɗinke da basilla. Ka kwantar da shi ka tattake ya ɗan baje, fuskarsa ta yi faɗi.

Ba zan iya harbin katako ko gindin bishiya kawai ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai. Ba ƙarfin abu ne yake tsayar da kibiya lafiya ba, matsi ne. Kibiya tana kutsawa tsakanin ledojin da aka danne, suna riƙe jikinta ta kowane gefe, gudunta yana mutuwa a hankali. Idan ta ci karo da abu mai tauri, ƙarfin nan duka jikinta yake komawa: ta tsage, ta lanƙwashe, ko ta nutse yadda sai da wuƙa za a tono ta. Tsohuwar taya ta fi muni, don tana iya maido kibiyar inda ta fito. Kuɗin kibiya ɗaya ta zamani ya fi na buhun da basillar da igiyar gaba ɗaya. A bar katako, a bar taya, a bar bishiyar mutane.

Yashi fa, ko buntun shinkafa?

Yashi yana cin jikin kibiya. Buntu da garin katako kuwa ta hudar farko za su fara tsiyayewa. A bar su.

Me ke bayan abin barar taka?

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, ni ne nake yi muku ita. Kowane maharbi yana kuskure, gwani ma balle ɗan koyo. Kibiyar da ta goce ba ta san buhu ba, tafiyarta take yi, kuma ko baka mara ƙarfi yana iya kai ta nesa da mita 100 idan ta tashi sama. Kada ka jingina buhu da zana ko dangar kara alhali a bayanta tsakar gidan maƙwabci ne, inda mata suke girki yara suna wasa. Kada ka kafa shi yana fuskantar ƙofa, ko lungu, ko hanyar da ake kora dabbobi. Abin da ake so shi ne doguwar katangar ƙasa, ko tudun ƙasa, ko fili wanda idonka yake ganin ƙarshensa. Idan katangar bulo ce, rataya tsohon kafet ko bargo mai kauri a gabanta, ka bar ƙasansa yana lilo, kada ka ɗaure shi tamau, don sakinsa ne yake shanye ƙarfin kibiyar. Wannan ma baka mai sauƙi kawai yake tarewa. In ba ka da irin wannan wuri, ka haƙura da harbin a gida. Ba na sassautawa a kan wannan.

Kauri nawa ne zai tsayar da kibiyata?

To, a nan sai an natsu, domin babu amsa guda, kuma duk wanda ya yanke maka adadi bai ga bakanka ba, ka yi hattara da shi.

Abu na farko shi ne ƙarfin bakan. Bakunan zamani da laba ake auna nauyin jansu, laba ɗaya kuwa ta ɗan gaza rabin kilo. Bakan yara da na masu farawa, daga laba 15 zuwa 25, buhu ɗaya da aka danna sosai mai kaurin kamar santimita 30 yakan wadatar. Na ce yakan, don idan dannawar ba ta yi ba, ko kauri ya kai nawa kibiya za ta bi ta sako-sakon ta fice. Daga laba 30 zuwa 45 ni na fi natsuwa da babban buhun masara, kaurinsa ya kai santimita 40 ko ya wuce. Bakan nan mai 'yan tayoyi a kawunansa biyu, wanda a gasar duniya aka ƙayyade kada ya wuce laba 60, lamarinsa daban ne. Kibiyarsa tana fita da gudu mai tsanani, kuma buhun gida guda ɗaya ba abin dogaro ba ne gare shi. A haɗa biyu, ɗaya a bayan ɗaya, a ɗaure su tare, kuma duk da haka a gwada kafin a saki jiki. Bakan gargajiya da aka sassaƙa a gida ba a rubuta masa laba ba, saboda haka ka ɗauke shi a matsayin mai ƙarfi har sai gwaji ya nuna maka akasin haka.

Na biyu, ita kanta kibiyar. Siririyar kibiyar kabon, wato irin ta zamani mara nauyi da ake yi a masana'anta, ta fi kibiyar katako ko ta kyauro nutsewa, ko da baka ɗaya ya harba su, saboda jikinta santsi ne kuma wurin da leda za ta kama kaɗan ne. Na uku, tazara: a kusa kibiya ta fi ƙarfi, don haka buhun da ya riƙe ta daga mita 30 yana iya kasawa daga mita 10. Na huɗu, tsufan buhun. Wanda ya yi maka aiki a makon farko ba shi ne na wata na biyu ba, domin kowace kibiya tana ture ledojin gefe, tsakiya tana zama rami a ɓoye alhali waje yana nan kamar lafiya.

Ga yadda nake gwadawa. A tsaya mita 10, da katanga a baya, a harba kibau uku wuri ɗaya. A zagaya a shafa bayan buhun da tafin hannu a hankali. Idan ka ji tsini yana tokare buhun daga ciki, bai yi ba. Idan kibiyar ta shige fiye da rabinta, bai yi ba. Idan gashin gindinta ya taɓa buhun, wannan kam kana dab da asarar gashin. Abin da nake so in gani shi ne ta shiga kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, kuma hannu ɗaya ya zare ta ba tare da kokawa ba. In ya kasa, farke ɗinkin, ƙara leda, sake kirɓawa. Wani lokaci ƙarin kauri ba ya magani sai an sauya abin da ke ciki, misali a jera tsofaffin buhuna a ninke ta baya su zama madogara. Ana iya sa soson tsohuwar katifa a gaba don fuskar ta yi sumul, amma kada a lissafa shi cikin kaurin, ba ya riƙe komai.

Ko bayan ya ci gwajin, a riƙa maimaita shi lokaci-lokaci, a riƙa juya buhun gaba ya koma baya, a kwantar a tattake. Kuma maimakon ɗigo ɗaya a tsakiya, a yi huɗu ko biyar a warwatse, ana bin su bi da bi.

Zan iya amfani da kibiyar gargajiya mai kunne?

A'a. An ƙera kunnen ne don kada ta fita. Za ta shiga, ta sarƙe da leda, sai ka yaga buhun kafin ka same ta. Je wurin maƙeri ya yi maka kai mai santsi, zagayayye, mara kunne, mara kaifin gefe.

Kibau da aka gada a tsohon kwarin kaka kuwa, ko taɓa tsininsu kada ka yi. Maharban da suna shafa musu dafi, har da na kwankwani wanda zuciya yake kamawa. Kada ka ɗauka tsufa ya kashe shi. A nisanta su da yara.

An ce kwali ma yana yi?

Yana yi, in an yi shi daidai. Ba kwali za ka cika da kwalaye ka harbi fuskarsa ba. Yanka su za ka yi falle-falle masu faɗi ɗaya, kamar santimita 30, ka cire ƙarafan ɗinki da salatif, ka jera su bisa juna har tsayin da kake so. Ka sa katako ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka matse da igiya ko robar ɗaure kaya iya ƙarfinka. Bakin yankan ake harbi, kibiya ta shiga tsakanin falle da falle. Idan ya saki, a ƙara matsewa. Aibinsa shi ne ya kan riƙe kibiya da ƙarfi, sai an goga ɗan busasshen sabulu a gabanta. Ruwan sama ɗaya yana gamawa da shi, gara kuma ba ta ƙyale shi a ƙasa.

Damin ciyawa ko harawa fa?

A Ingila tun da daɗewa da tattaka suke yi, amma murɗe ta suke yi a naɗe ta a ɗinke tamau. Damin da aka ɗaure da igiya ɗaya kibiya ratsa shi take yi. Harawa kuma abincin dabba ce mai tsada, a ba awaki abinsu.

Ba ni da takardar nan mai launi-launi. Harbina zai lalace?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba abin da zai lalace. Waccan takardar ta gasa ce. A wasannin Olamfik faɗinta santimita 122, ana harbinta daga mita 70, launukanta daga tsakiya ruwan ɗorawa, ja, shuɗi, baƙi, fari, kowane launi da'ira biyu, maki daga 10 zuwa 1. Da'irar maki 10 faɗinta santimita 12.2 kacal. A gasar cikin ɗaki ana amfani da mai santimita 40 daga mita 18. Kai da ka fara jiya ba ruwanka da wannan tukuna. Yanki farin kwali kamar tafin hannu, ka maƙala, ka tsaya mita 5 zuwa 10. Abin nema yanzu shi ne kibanka su riƙa taruwa wuri ɗaya, ko ba a tsakiya ba. Ranar da ka so da'ira, ƙusa da zare da alƙalami sun isa ka zana ta a bayan kwali.

A ƙasa zan ajiye ko ratayewa zan yi?

Ɗaga shi. A gasa tsakiyar abin barar tana kusan santimita 130 daga ƙasa. Rataye shi a tsakanin sanduna biyu da igiya, ɗan lilon da zai yi ma taimako ne. Kada ka ɗora shi kan bulo ko kujerar ƙarfe, nan kibiyar da ta yi ƙasa za ta karye.

Wata nawa zai yi?

Buhun ne yake mutuwa, cikin ba ya mutuwa. Rana tana cinye buhun leda har ya riƙa marmashewa a hannu, don haka a shigar da shi inuwa bayan an gama. Idan fuskar ta ragargaje, zura shi dungurungum cikin sabon buhu ka ɗinke.

Yaya ake zare kibiya?

Tafin hannu ɗaya a jikin buhun, kibiyar tana tsakanin yatsu, ɗaya hannun ya kama ta dab da inda ta shiga, a ja ta miƙe ba tare da lanƙwasawa ba. Ka waiwaya tukuna, kada wani ya tsaya a bayanka, gindin kibiya yana tsone ido. Idan ta kabon ce, ɗan lanƙwasa ta kusa da kunnenka kafin ka sake harbawa. In ka ji ƙara kamar tana tsagewa, karya ta ka jefar, don irin wannan a hannun mai baka take fashewa.