Sankarar huhu da ƙurar asbestos: wace diyya tsofaffin sojojin ruwan Birtaniya ke samu?

Me ya haɗa sojan ruwa da asbestos?

Asbestos ma'adini ne mai zare-zare da wuta ba ta ci, irin wanda aka daɗe ana sakawa cikin silin da kwanon rufi a ƙasashenmu. A jiragen yaƙin Birtaniya na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da shekarun da suka biyo baya, da shi ake naɗe bututun tururi da tukwanen injin, har a kan fesa shi a bangon jirgi don gudun gobara. Bututun nan kuwa har saman gadajen kwanan sojoji suke bi. Idan jirgi ya shiga gyara a tashoshin sojan ruwa na Devonport ko Portsmouth ko Chatham, sai a ɓamɓare tsohon naɗin da hannu a cikin ɗakunan da iska ba ta ratsawa, ƙura ta tashi fari fat, matasa na shaƙa babu abin rufe hanci. Sai a 1985 Birtaniya ta haramta nau'o'i biyu mafiya haɗari, shuɗi da ruwan ƙasa, farin kuma a 1999.

Me ya sa sai bayan shekaru masu yawa ake maganar diyya?

Saboda cutar ba ta gaggawa. Zaren yakan maƙale a huhu shekara 20, 30, wani lokaci fiye da 40 kafin ciwo ya bayyana. Wanda ya shaƙi ƙurar yana saurayi, sai ya zama kaka zai fara tari da haki.

Ba za su iya maka Ma'aikatar Tsaro a kotu ba?

Yawancinsu ba su da wannan dama. Dokar 1947 ta hana soja ƙarar gwamnati kan cutarwar da ta same shi a bakin aiki. An ɗage hanin a 1987, amma gyaran bai waiwayi baya ba, alhali kafin wannan shekarar aka fi shaƙar ƙurar. Farar hular da ya yi aiki cikin jirgi ɗaya da soja, a rana ɗaya, yana iya zuwa kotu ya karɓi diyya mai tsoka. Sojan kuwa sai dai ya nemi fansho. A ganina wannan ne babban rashin adalcin da ke cikin lamarin.

To wace ƙofa ta rage musu?

Tsarin fanshon yaƙi, wanda ke kula da duk cutar da aikin soja ya haddasa kafin 6 ga Afrilu, 2005. Ba sai mutum ya je fagen daga ba, ba kuma sai ya nuna cewa wani ya yi sakaci ba. Likitoci ne ke auna girman nakasar, a riƙa biyansa gwargwadonta, ba tare da cire haraji ba.

Ga masu cutar mesoteliyoma, wato sankarar fatar da ta lulluɓe huhu, fanshon ba ya amfaninsu sosai, domin da yawa ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu bayan an gano ciwon. Ƙungiyar Royal British Legion, mai tallafa wa tsofaffin sojojin Birtaniya, ta matsa wa gwamnati lamba, har a Disamba 2015 aka sanar cewa mai wannan cuta zai iya zaɓar karɓar fam 140,000 a dunƙule. An fara biya a 2016.

Mai sankarar huhu fa, yana cikin masu wannan kuɗi?

A'a, an keɓe kuɗin dunƙulen ne ga masu mesoteliyoma. Dalilin bambancin na likitanci ne: mesoteliyoma kusan ba ta da wani sanadi sai asbestos, ita kuwa sankarar huhu taba ce babbar mai kawo ta, kuma likita ba zai duba ciwon ya ce wannan na taba ne, wancan na ƙura ba. Amma dalilin bai gamsar da ni ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya da kanta tana ƙiyasta cewa waɗanda asbestos ke kashewa ta hanyar sankarar huhu sun kai yawan waɗanda mesoteliyoma ke kashewa, su kuma sun haura 2,000 a shekara. Ƙura ɗaya suka shaƙa, iyalai kuma hidima ɗaya suke yi da majinyaci.

Idan mutum ya sha taba, shi ke nan ya rasa?

A'a, sai dai aikin kafa hujja ya ƙaru. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1979 kan masu aikin naɗe bututu ya nuna asbestos kaɗai na ninka haɗarin sankarar huhu kusan sau 5, taba kaɗai sau 10, idan suka haɗu kuwa kusan sau 50. Ke nan shan taba bai wanke ƙurar daga laifi ba. A taron masana da aka yi a Helsinki, babban birnin Finland, a 1997 an amince cewa ana iya danganta sankarar da asbestos idan shaƙar ta yi yawa kuma an samu aƙalla shekara 10 tsakanin fara shaƙa da bayyanar ciwo.

Wace hujja ake tarawa?

Takardun aiki da ke nuna jiragen da mutum ya zauna a ciki da shekarun, da irin aikinsa, musamman idan a ɗakin injin ne ko lokacin gyara. Sai hoton ƙirji da rahoton likita. Tabon da asbestos ke bari a huhu ko a fatarsa yana ƙarfafa magana ƙwarai. Shaidar abokan aiki ma tana da nauyi. Wanda ya haura shekara 7 da barin soja, nauyin hujja a kansa yake, amma idan ya kawo shaida ingantacciya da ta haifar da shakku mai ma'ana, shi ake bai wa gaskiya. Idan an ƙi, yana da wata 12 ya ɗaukaka ƙara gaban kotun musamman.

Idan ya rasu, iyalinsa fa?

Matarsa na iya neman fanshon matan sojoji, muddin aka tabbatar aikin soja ne ya yi sanadin rasuwar. Shi ya sa ake son a sanar da likitoci tarihin aikinsa tun yana raye, domin a rubuta shi cikin fayil ɗinsa na asibiti.