Briny

Briny kalma ce ta Turanci da ake siffanta abu mai gishiri sosai irin na ruwan teku, ko a ɗanɗano ko a wari, ana furta ta kamar "biraini". Daga kalmar brine ta fito, wato ruwan da gishiri ya narke a cikinsa da yawa, sai aka liƙa mata harafin y a ƙarshe kamar dai yadda salt (gishiri) yake komawa salty (mai gishiri).

Ma'ana

Ba ɗaya take da salty ba duk da mutane na haɗa su. Miyar da gishiri ya yi wa yawa salty ce kawai, amma in Bature ya ce briny to teku yake tunawa, ko iskar bakin teku ko ruwan da aka tsuma wani abu a ciki. Litar ruwan teku ɗaya tana da gishiri wajen giram 35, kashi 3.5 cikin ɗari kenan, shi kuwa brine a wajen masana kimiyya galibi sai ya haura kashi 5, yana kaiwa har wajen kashi 26 inda ruwan ba ya iya ƙara narkar da gishiri. Akwai kuma brackish, ruwan da gishirinsa bai kai na teku ba amma ba ya shawuwa, wannan shi ya fi kusa da abin da muke ce wa zartsi.

Asali

Brine tsohuwar kalma ce ƙwarai, tana nan tun a tsohon Turancin da aka yi kafin shekarar 1100, sannan tana da 'yar'uwa a yaren Holan, brijn. Daga nan zaren ya tsinke, manyan ƙamusoshi suna cewa ba a san tushenta ba. Wasu sun danganta ta da wata tsohuwar kalma mai nufin ƙuna, wai saboda yadda gishiri ke raɗaɗi a ciwo, amma ba a haɗu a kan haka ba.

Ba mamaki kalmar ta daɗe haka, don mutanen Ingila sun rayu da wannan ruwan ne. A garin Droitwich da garuruwan yankin Cheshire irinsu Nantwich da Middlewich da Northwich ruwan gishiri daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓulɓulowa, a da sai a ɗiba a yi ta dafawa a manyan kasake na dalma har ruwan ya ƙone gishirin ya zauna, sana'ar da aka yi ta yi tun zamanin Rumawa, har ma Rumawan suna kiran Droitwich da suna Salinae, kuma kundin ƙidayar dukiyar ƙasa na Domesday na 1086 ya lissafa wuraren dafa gishirin nan. Lokacin da babu firiji a cikin gangunan ruwan gishiri ake ajiye nama da kifi, shi ne abincin matuƙa jirgin ruwa wata da watanni.

Ita briny ɗin sai wajen 1600 ta fara bayyana a rubuce, kuma abin sha'awa, bisa abin da masu bin diddigin kalmomi suka kawo, hawaye aka fara siffantawa da ita kafin teku, na tekun ya biyo baya da 'yan shekaru. Mawaƙan zamanin suna son kwatanta kuka da ruwan gishiri sosai, Shakespeare ma ya kira hawaye brine a wasan kwaikwayonsa Romeo and Juliet. A cikin ƙarni na 19 ne dai ake jin Turawan Birtaniya suka fara ce wa tekun kansa "the briny" cikin raha.

Amfani a yau

Yanzu an fi jin ta a bakin masu girki, wajen siffanta ɗanɗanon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo, wato oyster) da zaitun da kokwambar da aka tsuma.