Ruwan tafkin ninkaya ya yi hazo: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan na sha su daga masu tafkin ninkaya a gida har na haddace. Bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake zuwa da su in miƙa masa ya karanta da kansa.

Tambaya: Me ya sa ruwana ya yi hazo, jiya-jiya garau yake?

Amsa: Ko kulorin ya yi ƙasa, ko filta ba ta tacewa, ko pH, wato ma'aunin asid ɗin ruwa (ƙaramar lamba asid ya yi yawa, babba ya yi kaɗan), ya haura. Yawanci na farkon ne. Kuma ba jiya ya fara ba, jiya ka lura.

Tambaya: Yara za su iya shiga haka nan?

Amsa: A'a. Muddin ba ka hango magudanar da ke ƙasan tafkin daga baki, kowa ya haƙura. Ƙwayoyin cuta daban, amma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yaro ya nutse a ruwan da ba a ganin ƙasansa, kana tsaye a wurin ba ka sani ba.

Tambaya: Wane magani zan saya?

Amsa: Ka auna ruwan? Ba ka auna ba. To da me za mu san maganin? Abin awo za ka fara saya, kuma na ɗigo ya fi na 'yar takarda gaskiya. Ana son pH tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin mai aiki 1 zuwa 3 a ma'aunin ppm (wato kashi nawa cikin miliyan, sauran lambobin ma da shi ake auna su), alkaliniti mai hana pH yawan hawa da sauka 80 zuwa 120, kalsiyam 200 zuwa 400, sinadarin sayanurik mai kare kulorin daga rana kuma 30 zuwa 50. Rubuta su ka manna a jikin bangon ɗakin famfo.

Tambaya: Ruwan yana ƙauri sosai, idona har ja yake. Ba kulorin ne ya yi yawa ba?

Amsa: Akasin haka ne, malam. Ƙaurin nan na kulorin ɗin da ya riga ya haɗu da gumi da fitsari ne, ya gama aikinsa ya zama kaya. Ruwa mai tsabta ba ya ƙauri haka. Idan wannan gajiyayyen kulorin ya wuce 0.5, sai ka yi wa ruwan babban zubi, wajen ninki goma na adadinsa, ya ƙone shi. Ka yi da yamma bayan rana ta faɗi, don rana tana cinye kulorin cikin 'yan awoyi.

Tambaya: Na yi babban zubin, kwana biyu ke nan, ruwan sai ƙara fari ya yi. Yanzu fa?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Ka kwantar da hankalinka tukuna, mai yiwuwa ba ka ɓata komai ba.

Fara da tuna kalar ruwan kafin zubin. Idan da ma ya ɗan yi kore-kore, ko bangon yana santsi a hannu, to gansakuka ce ta fara, kuma farin da kake gani gawarta ce ke yawo. Wannan alamar nasara ce. Aiki ya koma kan filta: famfo ya kwana yana aiki dare da rana, ka goge bango da buroshi, ka jira. Filtar yashi takan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako. Amma kada ka ɗauka an gama kashe ta. Auna kulorin da daddare, ka sake aunawa da asuba kafin rana ta fito. Idan ya sauka fiye da 1, akwai abin da ke cin sa har yanzu, sai ka ci gaba da ƙarawa.

Idan kuwa ruwan bai taɓa yin kore ba, duba irin kulorin da ka zuba. Na gari, wanda ake kira kalsiyam haifokulorait, yana ƙara wa ruwa kalsiyam. In da ma ruwanka mai nauyi ne, wato mai yawan kalsiyam, pH kuma ya kai 8, kalsiyam ɗin zai fito fili ya mai da ruwan kamar an kaɗa alli. A nan ƙara gari ƙara ciwo ne. Sauke pH zuwa wajen 7.2 da asid, kaɗan-kaɗan, kana aunawa bayan 'yan awoyi, sannan ka koma kulorin na ruwa. Akwai ƙarin dalilin sauke shi: a pH 7.5 kusan rabin kulorin ne ke da ƙarfin kisa, a 8 kuwa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kuɗi kake zubarwa.

Sai na uku, wanda ya fi ba mutane haushi. Idan ka daɗe kana amfani da ƙwayoyin kulorin ɗin nan masu narkewa a hankali, kowace ƙwaya tana barin sayanurik a ruwan, shi kuma ba ya tafiya ko'ina. Ya taru ya kai 100 ko fiye, kulorin yana nan a awo amma an ɗaure masa hannu. Wannan ba a gyara shi da zubi. Sai ka zubar da wani kaso na ruwan ka cika da sabo; rabi ka canza, rabi ya ragu. Sai dai kada ka kwashe tafkin ƙaf ba tare da shawarar wanda ya san gininsa ba, domin inda ruwan ƙasa yake kusa, tafkin da babu komai a ciki yana iya ɗagowa ko ya tsage.

Kuma biyu daga cikin ukun nan suna iya haɗuwa a tafki ɗaya. Shi ya sa nake ta nanata awo.

Tambaya: Awa nawa zan kunna famfo?

Amsa: Takwas aƙalla a ranar lafiya. Ruwa mai hazo, kada ka kashe. Masu kunna shi awa biyu don tattalin wuta su ne suka fi yawan kirana.

Tambaya: Yaushe ake wanke filta?

Amsa: Idan agogon matsi na jikin filta ya haura da 8 zuwa 10 a ma'aunin psi a kan inda yake lokacin da take da tsabta. Ba ka san inda yake ba? Wanke ta yau ka rubuta. Yashin ciki ma yana tsufa, bayan shekara 3 zuwa 5 a canza shi.

Tambaya: An ce in zuba alam ya kwantar da dattin, gobe ina da baƙi.

Amsa: Yana yi, amma da sharaɗi. Ka zuba, ka bar ruwan ya zagaya ba ta cikin filta ba, ka kashe famfo ya kwana. Da safe dattin ya kwanta a ƙasa, sai ka zuƙe shi a hankali kai tsaye zuwa waje, za ka kuwa yi asarar ruwa. Mai filtar katiriji, wadda take tacewa da ƙyalle mai ninki-ninki maimakon yashi, ya nisance shi, toshe ta zai yi. Kuma alam ba ya kashe komai. Ruwa garau mara kulorin, baƙin naka za su koma gida da ciwon kunne.

Tambaya: Zan iya haɗa magungunan a bokiti ɗaya in huta?

Amsa: Subhanallahi! Kada ka kuskura. Asid da kulorin suna fitar da iska mai guba. Kulorin iri biyu ma, na gari da na ƙwaya, in suka haɗu suna iya kamawa da wuta. Kowanne da bokitinsa da ludayinsa, a zuba magani a cikin ruwa, ba ruwa a kan magani ba, a kuma bar tazara tsakanin zubi da zubi famfo yana aiki.

Tambaya: Alkaliniti ɗina ya yi ƙasa, me zan sa?

Amsa: Bekin soda, farin garin nan da ake sa wa kek. Wajen giram 180 a kowace lita 10,000 yana ɗaga shi da 10. Gyara shi kafin ka taɓa pH, in ba haka ba pH ɗin zai yi ta hawa da sauka kana bin sa da asid har mako ya ƙare.